Kuɗin Gwamnati Da Wanda Ya Bar Gida: Daga Fanshon 'Yan Boma Zuwa Alat Ɗin Waya

Wajen ƙarshen shekarar 2020, ina zaune a rumfar wani abokina ɗan canji a nan Sabo, bayan an sallame La'asar, sai ga wani dattijo Bayarabe ya tsayar da mota ya shigo riƙe da ambulan. Ya shekara fiye da talatin yana aiki a Amurka, har ya samu takardar zama ɗan ƙasar, da ya yi ritaya ya dawo gida Badun ya zauna. Abin da ke cikin ambulan ɗin cek ne na dala 1,200 daga baitulmalin Amurka, tallafin korona, har da sunan shugaban ƙasar na lokacin, Donald Trump, a gefe. Abokina ya juya takardar gaba da baya, ya miƙa masa abinsa da hannu biyu, ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Mu kuɗi muke saya, wannan kuwa alkawarin kuɗi ne."

Dattijon ya riga ya je banki biyu kafin ya zo Sabo. Ɗaya ya ce ba ya karɓar cek ɗin waje, ɗayan ya ce sai an aika da shi can an jira makonni, kuma za a cire lada mai tsoka. Gwamnatin Amurka ta yarda ɗan ƙasarta da ke zaune a waje ya karɓi tallafin, amma in za ta zuba kuɗi kai tsaye, sai a asusun bankin da ke cikin Amurka. Wanda ba ta da lambar asusunsa a can, takarda ake aika masa ta gidan waya, a shekarar da jiragen sama suka daina shigowa Najeriya daga Maris har zuwa Satumba. Cek ɗin baitulmalin Amurka kuwa shekara ɗaya yake yi ya mutu. Daga baya na ji cewa 'yarsa ce ta fitar da shi: ashe yana da tsohon asusu a can wanda bai rufe ba, ta ɗauki hoton cek ɗin ta manhajar bankin, kuɗi ya shiga. Sau uku Amurka ta yi wannan rabo, dala 1,200 a Afrilu na 2020, dala 600 a Disamba, sai dala 1,400 a Maris na 2021.

Da ya fita, 'yan rumfa suka yi ta mamaki, wai har mutumin Amurka ma yana shan irin wannan wahala. Ni abin bai ba ni mamaki ba. Wannan labarinmu ne tun kakanni. Kuɗin gwamnati, ko na wace ƙasa ne, sunan da ke cikin littafi yake bi, da wurin da aka rubuta a gaban sunan. Mu kuwa mutanen zango kullum muna tsakanin littafi biyu: na gida ya ce ba ka nan, na nan ya ce kai ba ɗan nan ba ne. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bari mu waiwaya mu ga yadda na gabanmu suka yi da wannan matsala, don waiwaye adon tafiya ne.

Zamanin da maigida ne banki

Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Daga nan harkar goro da shanu ta sake kama: shanu su gangaro Kurmi, goro ya haura Arewa. A 1916 aka ware wa Hausawa wannan unguwa tamu ta Sabo, da sarkinta, ƙarƙashin hukumar gargajiya ta Ibadan. A wancan lokaci abin da talaka ya sani tsakaninsa da gwamnati shi ne karɓa: haraji a kan mutum, jangali a kan saniya. Rasiɗin haraji shi ne katin shaidar farko da kakanninmu suka riƙe. Wanda ba shi da shi a aljihu, tafiya ma wuya take yi masa.

Bayarwa kuwa ba ta cika faruwa ba. Lokacin yunwar Kakalaba ta 1914, wadda ta ci ɗimbin rayuka a ƙasar Hausa, agajin da Turawa suka kawo bai taka kara ya karya ba, kuma ya iso a makare. Ɗan abin da ake rabawa a irin waɗannan shekaru ta hannun hakimi da dagaci yake bi, su kuwa mutanen da ke cikin littafin harajinsu suka sani. Wanda ya fita cin rani ko fatauci, ba a lissafa da shi.

To wa ke riƙe baƙo in ta ɓaci? Maigida. Shi ne masauki, shi ne dillali, shi ne ma'aji. Mai shanu ya sauka gidansa, ya sayar bashi ga mahauta a kan lamunin maigida, ya bar kuɗinsa a hannunsa ya koma, ba takarda ba sa hannu. In mutum zai aika wa iyali kuɗi Katsina ko Damagaram, sai ya damƙa wa wani bafatake mai komawa, a gaban shaidu. Masu ɗan ilimin boko su je gidan waya na Dugbe su sayi fasa'oda a sa a wasiƙa. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a 1962 da 1963 ya kuma fitar da littafi a kanmu a 1969, ya nuna cewa dukiyar cinikin shanu da goro kacokan a kan wannan amana take tafiya. Ya kuma rubuta yadda makafi da guragu da kutare kowanne ke da sarkinsa a unguwar, da yadda sadaka ke isa gare su a tsare. Wato kafin gwamnati ta san kalmar tallafi, Sabo tana da nata.

Sojan da ya dawo da littafi biyu

Mutanen farko a cikinmu da suka fara bin gwamnati bashi su ne tsofaffin sojoji. A yaƙin duniya na biyu, dubban 'yan Arewa sun shiga rundunar Afirka ta Yamma, aka kai runduna ta 81 da ta 82 ƙasar Burma, wadda tsofaffi ke kira Boma, suka gwabza da Japanawa. Hausa ce ma harshen bariki a lokacin. Da aka sallame su a 1945 da 1946, ba kowa ya koma ƙauyensu ba. Da yawa sun tsaya a Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi suna aikin gadi, da direba, da masinja.

Kakana na wajen uwa yana cikinsu. Littafi biyu ya dawo da su a cikin wani gwangwanin taba: littafin sallama daga soja, da ɗan littafin ajiya na gidan waya inda aka zuba masa kuɗin sallamarsa. Mahaifiyata ta ce ko gobara aka yi, wannan gwangwani zai fara ɗauka kafin rigarsa. A littafin sallama an rubuta sunansa yadda kunnen Bature ya ji, aka sa sunan garinsu a matsayin sunan uba, kamar yadda aka yi wa sojoji da yawa. Shi ya sa har yau za ka ga zuriyar tsofaffin sojoji suna amsa sunan gari. Duk ranar da zai ciri kuɗi, sai ya amsa wannan suna na littafi, ya dangwala yatsa, wani wanda akawu ya sani ya tsaya masa shaida. Abin da aka ba sojan Afirka na sallama bai kai na Baturen da suka kwana rami ɗaya ba, kuma yawancin waɗanda aka ɗauka don yaƙin kawai ba su da fansho, sai wanda ya daɗe a aiki ko ya nakasa.

Ƙorafin bai tsaya a Najeriya ba. A Ankara ta ƙasar Gwanja, ran 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna takardar koke a kan haƙƙoƙinsu, 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe uku. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin Ghana.

'Yan'uwanmu na Nijar, waɗanda jikokinsu da yawa muke sahu ɗaya da su a masallatan Sabo, nasu ya fi ɗaci. Su Faransa suka yi wa yaƙi, a cikin rundunar da ake kira ta 'yan Senegal ko da yake daga ƙasashen renon Faransa da dama aka tara ta. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka harbe sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a Turai, saboda sun ce sai an biya su bashin albashinsu kafin su watse. Sannan a Disamba 1959, ana gab da ba ƙasashen 'yanci, Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon duk tsohon sojan da ƙasarsa ta samu 'yancin kai. Nijar ta samu nata ran 3 ga Agusta 1960. Bayan haka, fanshon tsohon soja a Zinder ko Tawa ya tsaya inda yake, na abokin yaƙinsa Bafaranshe kuwa yana ta hawa shekara shekara, har tazarar ta zama ninki da yawa.

Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, shi ya kai ƙara. A Nuwamba 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ce wannan bambanci ya saɓa wa doka, amma hukuncin bai same shi da rai ba. Sai a farkon 2011 aka daidaita fanshon gaba ɗaya, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna kabari.

Akwai ƙarashen labarin da ya fi kama da na dattijon nan mai cek. Wasu daga cikin waɗannan tsofaffi sun koma Faransa da zama, suna karɓar tallafin tsufa na wajen Yuro 950 a wata. Sharaɗin shi ne mutum ya zauna a Faransa aƙalla wata shida a kowace shekara, in ya wuce haka a gida, a yanke. Sai ga tsofaffi 'yan shekara tamanin da casa'in suna zaune su kaɗai a ƙananan ɗakuna a bayan birnin Paris, iyalansu na Afirka, don kada kuɗin ya tsaya. A Janairu 2023 aka ɗage musu sharaɗin, a watan Afrilu tara daga cikinsu suka koma Senegal. Ka ji yadda adireshi ke ɗaure mutum.

Ranar da kuɗi ya zama takarda

Karɓar kuɗi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne inda za ka ajiye shi. A nan ma wanda ba ya gida shi ke fara shan kashi.

A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Hausawa da Yarabawa da suka shekara da shekaru a zangon Kumasi da Ankara suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka, suka bar gidaje da rumfuna da bashin da suke bi. Wasu daga cikin gidajen da muke kira na 'yan Gwanja a unguwannin Hausawa na Kurmi, a wannan guguwa suka iso. A nan gida kuma, a Janairu 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta canza takardun kuɗi don ta kashe waɗanda ke hannun Biyafara. Da yaƙi ya ƙare a 1970, fam 20 aka ba kowane mai ajiya, komai yawan kuɗin Biyafara da ya kai banki. Har yau maƙwabtanmu Ibo ba su manta da wannan fam ashirin ba.

Canjin fam zuwa naira na 1 ga Janairu 1973 ya zo da sauƙi, fam ɗaya naira biyu, aka kuma ba da lokaci. Wanda dattawan Sabo ba sa mantawa shi ne na Afrilu 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari. Dare ɗaya aka sanar da sauya launin takardun naira, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane ƙasa da mako biyu. Naira 5,000 kaɗai ake canza wa mutum hannu da hannu, abin da ya haura sai ya zuba a asusu, ya kuma yi rantsuwa a kan inda ya samo shi. Ka tuna yawancin 'yan kasuwarmu a lokacin ba su da asusu, a buhu da akwatin ƙarfe suke ajiya. Sai aka shiga rarraba kuɗi ga yara da barori da almajirai kowa ya je ya bi layi da dubu biyar. Wasu sun dawo da amana, wasu har yau ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Waɗanda ke Kwatano da Maraɗi da Kumasi da naira a hannu kuwa, ƙofa a rufe, suna kallo dukiyarsu ta zama takardar ƙunsa ƙosai. Iyakar ba ta buɗe ba sai a 1986.

Kusan shekara arba'in bayan haka muka sake gani da idonmu. A Oktoba 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a watan Maris. Kowa ya tuna layin banki da na masu POS, da yadda aka sayi naira da naira. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai shayi da mai gyaran takalmi da ɗan dako, wanda jarinsa duka yana cikin aljihun wando, ba asusu, ba katin da zai buɗe asusun.

Korona: suna a can, ciki a nan

Tallafin kuɗi kai tsaye ga talaka sabon abu ne a Najeriya. A 2016 gwamnatin tarayya ta fara tsarin ba gidaje marasa ƙarfi naira 5,000 a wata, da rancen Bankin Duniya, daga baya aka haɗa da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Ana zaɓen gidajen ne daga wata babbar rajista ta talakawa. Yadda ake shiga rajistar: jami'ai su zo gari ko unguwa, a tara jama'a, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi gidajen da suka fi talauci a cikinsu, sannan a bi gida gida a ɗauki bayani. Yawanci sunan uwar gida ake sawa a matsayin mai karɓa.

Tsarin ya dace da ƙauye, inda kowa ya san kowa. Amma a ɗauki ɗan cin rani a Sabo ko Ojoo ko Sasa. Matarsa da 'ya'yansa suna Jigawa, shi yana kwana a shago ko a barandar masallaci. Ranar da aka zo rajista a ƙauyensu ba ya nan, in ma an sa gidansa, wayar da aka rubuta ta maƙwabci ce. A nan kuma ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa a ce gidan wane.

Da korona ta zo, aka kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris 2020, a jihar Oyo aka sa dokar hana fita da dare, sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Shugaban ƙasa ya ce a faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6, aka kuma biya wasu naira 20,000 ta wata huɗu a dunƙule. A ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kowa ya san wannan ɗigo ne. Mu dai a layinmu, abin da ya riƙe mutane a wannan azumi shi ne abin da ya riƙe kakanninsu a 1914: tukunyar masu hali, da zakka, da ciyayyar maƙwabta. A Janairu 2021 gwamnati ta fito da wata rajistar gaggawa don talakan birni, wadda ake shiga ta saƙon waya. Saƙon da Turanci ya zo wa da yawa daga cikinmu, wasu suka goge shi suna zaton 'yan damfara ne, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Rikicin kasuwar Sasa na Fabrairu 2021 ya fito da ɗaya fuskar matsalar. Bayan an ƙone rumfuna da gidaje, gwamnonin Arewa huɗu sun zo jaje, gwamnatin Kano kuma ta aiko da tallafin kuɗi ga 'yan asalin jiharta da abin ya shafa. Allah ya saka da alheri. Sai dai tambaya ta taso: wanda aka haifa a Badun, aka haifi ubansa a Badun, ɗan wace jiha ne? Tun tsarin mulki na 1979 aka ɗaura zama ɗan jiha a kan asalin iyaye da kakanni, ba a kan inda aka haifi mutum ko inda yake biyan haraji ba. Yaronmu na Sabo in ya nemi takardar shaidar asali a nan, a ce ya tafi garinsu. In ya je garin kakansa, mai unguwa ya ce bai san shi ba. Duk tallafin karatu ko na sana'a da aka rataya a kan wannan takarda, ya wuce shi ta sama.

Yau yatsa ne shaida

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne, lamunin maigida ya daina aiki a gaban na'ura. A da mutum ɗaya mai mutunci zai tsaya wa mutum ɗari. Tun da aka fito da lambar BVN a Fabrairu 2014, sannan aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN daga Disamba 2020, kowa yatsansa da fuskarsa ne shaidarsa. Bayan cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, gwamnati ta sanar da ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku, kuma ta ce sai wanda aka tantance da NIN ko BVN, kuɗin ya shiga asusu ko lalitar waya. Ko 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, waɗanda a da suke cin kwana da kwanaki a layin tantancewa, yanzu ta waya suke nuna fuska su tabbatar suna raye. Na ƙasashen waje ma, a Mayu 2025 Babban Banki ya buɗe musu hanyar yin BVN daga inda suke.

Wannan sauyi yana da alheri ga baƙo, in ya shirya. Karo na farko a tarihi, kuɗi zai iya samunka a inda kake, ba sai ka hau mota ka koma gaban dagaci ba. Amma wanda bai shirya ba, ya fi na da shiga uku, don na'ura ba ta jin "ai kowa ya san ni".

Na ga misali a gidanmu. Wani yaro mai sayar da rake da ke kwana a zaurenmu, da aka zo ɗaukar sunaye ba shi da asusu, sai ya ba da lambar asusun wani ɗan garinsu. Wata shida bayan nan ɗan garin nasu ya koma Arewa, layinsa ya daina shiga. Ko kuɗin ya zo ko bai zo ba, Allah kaɗai ya sani. Wata baiwar Allah kuma, bazawara mai 'ya'ya biyar, sunanta ya fito amma kuɗi ya ƙi shiga: a NIN an rubuta Hauwa'u, a banki Hauwa, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Ta yi wata uku tana zarya kafin a gyara.

Don haka, jama'ar Sabo, abin da tarihin nan ke koya mana a fili yake. Kowane baligi, mace da namiji, ya mallaki NIN nasa, da layin waya da sunansa, da asusu nasa na kansa, ko da na waya ne. Masu gida, a bar mata su yi nasu, tunda sunan uwar gida aka fi sawa. A zauna a duba takardu: Muhammadu ne ko Mohammed ko Mamman, a zaɓi ɗaya ya zama shi ne ko'ina, haka ma ranar haihuwa. Kada a bar asusu ya shekara ba motsi, don banki zai ɗauke shi a matsayin mai barci. Layin da aka buɗe asusu da shi kada a bar shi ya mutu, don kamfani zai sayar wa wani, alat ɗinka ya riƙa zuwa hannun da ba ka sani ba. Wanda aka ba cek na bankin gida ya sani wata shida yake yi. Duk wanda ya kira ka ya ce ka faɗi lambar sirri, ko ka turo kuɗin fom kafin a sa ka a tallafi, ɓarawo ne, ko da Hausarsa ta fi taka. 'Yan'uwa na Nijar da Chadi da ke zaune tare da mu, doka ta ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida damar yin NIN a matsayinsa na baƙo, saboda haka ba sai an ari garin wani ba. Ƙaryar asali ranar tonuwarta asusun duka take rufewa.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ranar da jami'an rajista suka shigo unguwa, jama'a ake tambaya su faɗi su wane ne mabuƙata. In ba mu da namu lissafin a hannu, na zawarawa da marayu da tsofaffi da masu lalura da 'yan cin ranin da ke kwana a shaguna, to wanda ya fi baki shi zai shiga. Masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da matasanmu masu ilimi za su iya wannan aiki layi layi, a littafi ɗaya, a riƙa sabunta shi duk shekara kafin azumi. Ko gwamnati ba ta zo ba, littafin zai yi wa masu fitar da zakka amfani.

Gwangwanin kakana yana nan a hannun ƙanwar mahaifiyata. Kwanan baya na buɗe littafin ajiyar, na ga shafin ƙarshe: saura sule uku da sisi, da hatimin gidan waya, da tabon babban yatsansa na hagu. Bai iya karatun boko ba, amma shekara talatin bai yarda wani ya riƙe masa wannan littafi ba ko na kwana ɗaya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu fi ƙarfin abin da za a ba mu, in kuma haƙƙinmu ne, ya ba mu ikon karɓarsa da hannunmu.